Ma'aunin Kishin Ƙasa Ranar da Bala'i Ya Sauka

Yana daga cikin abubuwan da duk mai bibiyar tarihin al'ummai zai lura da su, cewa babu lokacin da kishin ƙasa ke tashi ya cika zukata kamar ranar da wani babban bala'i ya sauka, ko girgizar ƙasa ce, ko ambaliya, ko gobara, ko kuwa shan kashi a fagen yaƙi. Domin a irin wannan rana mutanen da suka shekara ba sa ga-maciji da juna sukan tuna cewa ƙasa ɗaya ta haife su, mai dukiya ya buɗe taskarsa, saurayi ya ba da ƙarfinsa, mahukunta kuma su miƙe suna kiran jama'a zuwa ga haƙuri da haɗin kai. Wannan abin yabo ne, kuma babu mai hankalin da zai so a rasa shi. Sai dai wannan kishi, duk da kyansa, yana ɗauke da wani aibi ɓoyayye wanda ya cancanci tadabburi: yakan sawwara ɗan ƙasa a siffa guda, wato mutum mai ji, mai gani, mai ƙafafu lafiyayyu, mai gida da iyali da suna a littafin hukuma, sa'an nan ya tsara ceto da agaji da ta'aziyya a kan wannan siffa, ta yadda duk wanda bai dace da ita ba sai a wayi gari an wuce shi, sau da yawa ba tare da wani ya yi nufin cutar da shi ba.

Na zaɓi in kafa hujja da ƙasar Japan, saboda idan ana zancen shiri domin bala'i, da wuya a samu ƙasar da ta fi ta tsari da wadata da ilimi, kuma aibin da ya bayyana a gidan da ya fi kowa shiri, lalle ya fi girma a gidan da bai shirya ba. Ranar Juma'a 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku gabas da yankin Tohoku, girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a ƙasar, kuma kafin sa'a guda ta cika teku ya taso ya afka wa garuruwan gaɓa a jihohin Iwate da Miyagi da Fukushima, har a wasu wurare ruwan ya hau tudu kusan mita 40. An tabbatar da mutuwar mutum kusan 15,900, fiye da 2,500 kuma har yau ba a ga gawarsu ba. Mutum wajen 470,000 suka bar gidajensu, sa'an nan tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace ta ƙara wa musibar wata musiba. Duniya ta yi mamakin natsuwar Japanawa, yadda suka riƙa bin layi don karɓar abinci ba tare da wawaso ba, kuma ko'ina a ƙasar aka liƙa kirarin ƙarfafa zuciya mai kiran Japan da ta daure ta tashi.

Amma da ƙura ta lafa aka zauna lissafin mamata, sai wata haƙiƙa mai ɗaci ta fito. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka rasu sun kai shekara 60 ko sun wuce. Binciken da gidan rediyo da talabijin na ƙasar, NHK, ya yi a garuruwan gaɓa kuwa ya nuna cewa yawan mutuwa a cikin naƙasassu ya kai kusan ninki biyu na yawan mutuwa a cikin sauran jama'a. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi la'akari. An yi gargaɗi da jiniya da lasifika, kurma kuwa bai ji ba; an ce a gudu a hau tudu, alhali hanyar tudun matakala ce, mai keken guragu ya isa gindinta ya tsaya; makaho ya san titunan garinsu kamar tafin hannunsa, amma girgizar ta zubar da katangu ta sauya masa su a cikin minti kaɗan. Mutanen gaɓar Sanriku da ke wannan yanki suna da wata tsohuwar wasiyya da suka gada daga kakanni, cewa idan teku ya taso kowa ya tsere da kansa, kada ya koma neman wani, kuma wannan wasiyya na daga cikin abin da ya kuɓutar da kusan dukkan ɗaliban makarantun garin Kamaishi. Sai dai wasiyya ce da aka gina a kan zaton cewa kowa yana da ƙafar gudu. Waɗanda zuciyarsu ta ƙi amincewa su bar raunana a baya kuwa, da yawansu sun biya da rayukansu, domin 'yan sa-kai na kashe gobara 254 sun halaka, wasu suna rufe ƙofofin ruwa, wasu suna ƙoƙarin fitar da tsofaffi da marasa lafiya.

Wanda ya tsira daga ruwa ma bai gama tsira ba. An tara jama'a a zaurukan wasanni na makarantu, kowa ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙasa, kuma a irin wannan wuri gurgu ba ya iya shiga banɗaki, kurma ba ya sanin an kira a zo a karɓi abinci, uwar yaron da ke da lalurar ƙwaƙwalwa kuwa, don kunyar kada kukansa ya hana mutane barci, takan gwammace ta koma da shi gidan da ya tsage ko su kwana a mota, inda agajin da ake rabawa ba ya iskarsu. A lokacin da aka kwashe majinyata da tsofaffin asibitin Futaba, kusa da tashar nukiliya, an ɗauke su a motocin bas tafiya mai tsawo ba tare da isasshiyar kulawa ba, kuma kusan 50 daga cikinsu suka rasu kafin watan ya ƙare. A jihar Fukushima, waɗanda suka mutu daga baya saboda wahalar hijira da rashin magani da baƙin ciki sun zarce waɗanda girgizar da ruwan suka kashe kai tsaye. Wani abin takaici kuma shi ne, da ƙungiyoyin naƙasassu suka zo neman sunayen 'yan'uwansu don su bi su gida gida, yawancin hukumomin garuruwa sun ƙi bayarwa, suna fakewa da dokar kare sirrin mutane, in ban da kaɗan irin su Minamisoma da suka fahimci cewa kiyaye rai yana gaba da kiyaye takarda.

Duk abin da na ambata zuwa nan mantuwa ce da sakaci. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato lokacin da kishin ƙasa ya rikiɗe ya zama neman wanda za a ɗora wa laifi. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobara suka cinye Tokiyo da Yokohama, mutum fiye da 100,000 suka mutu. Kafin toka ta huce sai jita-jita ta bazu cewa Koriyawa, waɗanda ƙasarsu ke ƙarƙashin mulkin Japan tun 1910, su ne ke zuba guba a rijiyoyi suna cinna wuta. Matasa suka kafa shingaye suna tare masu wucewa, suna sa su furta wasu kalmomi masu wuya ga harshen baƙo, duk wanda furucinsa ya karkace a kashe shi, har aka hallaka dubbai. Jarrabawar furuci kuwa ba ta san asali ba, saboda haka ta ci Japanawan da karin harshensu ya bambanta, ta ci kurame da ba su ji tambayar ba balle su amsa. A ƙauyen Fukuda, kwanaki kaɗan bayan girgizar, an kashe mutum 9 daga cikin wasu fatake masu tallan magani da suka fito daga jihar Kagawa, har da ƙananan yara da mace mai ciki, dukkansu Japanawa, a hannun mutanen da suka yi imani cewa ƙasarsu suke karewa.

Bayan bala'in yaƙin duniya na biyu, da ƙasar ta rushe, yunwa ta yi yawa, miliyoyin sojoji da fararen hula suka komo gida daga ƙasashen waje, sai majalisar Japan ta kafa wata doka a 1948 wadda manufarta bayyananniya ita ce hana haihuwar zuriyar da aka ɗauka ƙasƙantacciya ce. Hujjar masu dokar ita ce maslahar ƙasa, wato ƙasar da ke son tashi daga kango tana bukatar lafiyayyun 'ya'ya. A ƙarƙashin wannan doka, wadda ba a soke ta ba sai 1996, an yi wa mutum kusan 25,000 tiyatar hana haihuwa, kusan 16,500 daga cikinsu ba da yardarsu ba, kurame da masu farfaɗiya da masu lalurar hankali, har da yara 'yan shekara 9. Sai ranar 3 ga Yuli 2024 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki tun asalinta, Firayim Minista Kishida kuma ya nemi gafarar waɗanda suka rage da rai. Ga mai neman izina, darasin a fili yake: duk lokacin da aka auna darajar mutum da amfanin da zai yi wa ƙasa, to, naƙasasshe ne zai fara faɗuwa a awon, kuma al'ummar da ta sha wuya ta fi saurin karɓar wannan ma'auni fiye da wadda ke cikin ni'ima.

A nan ya dace in ambaci wani fannin nazari da ya ɓullo a jami'o'in Amurka wajen 1990, wanda asalinsa bincike ne a kan rayuwar waɗanda suka fita daga tsarin da aka saba na jinsi da aure, kamar masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi, sa'an nan ya faɗaɗa ya koma tuhumar duk abin da al'umma ke kira daidai, yana tambayar wa ya tsara shi, kuma wa aka bari a waje. Ɗaya daga cikin manyan malamansa, Judith Butler, ta rubuta littafi a 2004, bayan harin 11 ga Satumba 2001, tana tambayar dalilin da ya sa ƙasa ke yi wa wasu mamata makoki a jaridu da sunayensu da hotunansu, wasu kuwa su mutu ba tare da an ɗauki mutuwarsu hasara ba. Wani kuma mai suna Robert McRuer ya haɗa wannan nazari da na naƙasa a 2006, yana nuna cewa al'umma takan ɗauki lafiyayyen jiki a matsayin asali, ta mai da sauran jikuna kamar kuskuren da za a gyara ko a ɓoye. Ban jahilci cewa tushen wannan fanni ya saɓa wa abin da mafi yawan masu karanta wannan jarida suka ginu a kansa na addini da al'ada ba, kuma wannan maƙala ba fagen muhawarar halal da haram ba ce, domin wancan yana da malamansa da littattafansa. Amma tambaya idan ta yi daidai, to, ta yi daidai ko daga bakin wa ta fito, kuma tambayar nan ta wanda ake kuka dominsa da wanda ba a kuka dominsa ta dace da abin da ya faru a Tohoku.

Domin kuwa a can an tsara tallafin sake gina rayuwa da gidajen wucin gadi a kan gida, aka danƙa haƙƙin karɓa a hannun wanda aka rubuta a matsayin maigida. Saboda haka duk wanda zamansa bai dace da wannan tsari ba sai ya sha wahala, ko matar da ta guje wa mijin da ke dukanta, ko mutum biyu masu jinsi ɗaya da suka daɗe suna zaune tare amma doka ba ta san su da dangantaka ba, waɗanda neman labarin abokin zama ko samun ɗaki tare ya zame musu ƙarin tashin hankali. Kowa yana da damar riƙe hukuncinsa game da rayuwar waɗannan mutane, amma ban san wata mazhaba da ta ce a binciki halin mutum kafin a miƙa masa igiya yana nutsewa ba. Abin da muka karanta a wurin malaman fiƙihu shi ne, ceton ran da ke cikin halaka wajibi ne har ya halatta a yanke sallar farilla dominsa, kuma kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a guda biyar; ya kuma tabbata a hadisi cewa an gafarta wa wata mace mai zaman kanta saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Addinin da ya kai rahama har ga dabba ta hannun mai zunubi, ba zai yiwu a kafa hujja da shi a hana ɗan Adam bargo ko kwanon abinci a sansanin hijira ba.

Haka nan ya kamata a yi hattara da saurin fassara bala'i da cewa azaba ce saboda laifin wasu sanannun mutane. Kwana uku bayan musibar 2011 gwamnan Tokiyo na lokacin, Ishihara Shintaro, ya ce uƙuba ce daga sama saboda son kai, kuma washegari tilas ya janye maganar ya nemi afuwa. Bayan guguwar Katrina a 2005 wasu masu wa'azi a Amurka sun ɗora abin a kan masu neman jinsinsu na birnin New Orleans, alhali waɗanda ruwan ya fi ci tsofaffi ne da matalauta da marasa lafiya da ba su da motar gudu. Mumini yana da haƙƙin ya ɗauki kowace musiba a matsayin tunatarwa, ya koma ga Ubangijinsa da tuba da istigfari, amma tuba aiki ne da mutum ke yi a kan zunubin kansa. Wanda ya tashi yana nuna maƙwabcinsa da yatsa ya yi da'awar sanin gaibu, kuma tarihin Musulunci kansa ya ƙaryata shi, domin annobar Amwas da ta sauka a Sham a zamanin Sayyidina Umar ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Mu'azu ɗan Jabal, waɗanda suke daga cikin zaɓaɓɓun Sahabbai, kuma hadisi ya lissafa wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai.

Abin da ya kamata a yaba wa Japan shi ne ta karɓi darasi. A 2013 aka gyara dokar bala'o'i aka wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen waɗanda ba za su iya gudu da kansu ba, tare da izinin miƙa sunayen ga masu ceto idan rai na cikin haɗari. A 2021 aka ƙara cewa a yi ƙoƙarin tsara wa kowane ɗaya daga cikinsu shirinsa na musamman, a san wanda zai zo ya ɗauke shi da hanyar da za a bi da wurin da za a kai shi. A birnin Sendai, cikin yankin da ruwan ya ci, ƙasashen duniya suka taru a watan Maris 2015 suka amince da tsarin rage haɗarin bala'i wanda ya bayyana cewa a sa naƙasassu cikin masu tsara shiri tun daga farko, domin wanda ya rayu a kan keke ya fi injiniya sanin inda keke ke maƙalewa.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa namu gemun ya riga ya kama. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya; a daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri mutane na barci, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni; a watan Mayu 2025 kuma ruwa ya afka wa Mokwa da asuba. A kowane karo jama'a sun nuna karamci, attajirai sun ba da gudummawa, samari sun shiga ruwa sun fito da mutane. Amma Borno jiha ce da rikici tun 2009 ya bar mata ɗimbin masu yankakkun gaɓoɓi, arewacin ƙasar kuma cike yake da waɗanda cutar shan-inna ta naƙasa kafin a tabbatar da kawar da ita a 2020, ga makafi, ga kurame, ga almajiran da iyayensu ke nesa, ga zawarawa da mabarata da 'yan daudu da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda da yawansu babu wani maigida da za a rubuta su a ƙarƙashin sunansa. Haƙƙi ne a kan kowane mai kishin ƙasa ya tambayi hukumomin agaji, daga NEMA zuwa na jihohi, ta yaya gargaɗi ke isa ga wanda ba ya ji, wa aka ɗora wa ɗaukar wanda ba ya tafiya, kuma da wane ma'auni ake raba katin abinci.

Doka ba ita muka rasa ba, domin Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a watan Janairu 2019, aka ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a 2024. Tsarin gargajiya ma muna da shi, wanda ƙasashe da yawa za su yi fatan samun irinsa: akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da suka san mutanensu ɗaya ɗaya, akwai mai unguwa da dagaci da liman da suka san gidan da tsohuwa ke kwance ba ta iya tashi. Gadon addini kuwa ya fi duk waɗannan ƙarfi, domin an saukar da farkon Suratu Abasa ne saboda wani makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa wakilta shi a kan Madina idan ya yi tafiya. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu kuma mai hidima, daga baitulmali.

Saboda haka abin da nake kira gare shi mai sauƙi ne, kuma ba ya bukatar jiran gwamnatin tarayya. Kafin damina ta kankama, kowane mai unguwa a garuruwan da ke bakin kogi ko ƙarƙashin madatsa ya zauna da liman da shugabannin naƙasassu da matan unguwa, a rubuta sunan duk wanda ba zai iya kuɓutar da kansa ba, a ambaci maƙwabta biyu da suka ɗauki amanarsa, a san tudun da za a nufa da hanyar da keke zai iya bi. A sa gargaɗi ya zama da ƙwanƙwasa ƙofa da saƙon waya bayan lasifikar masallaci. A sansanin hijira kuma a raba agaji da kan mutum, ba tare da sharaɗin sai ya kawo maigida ko shaidar kyawun hali ba. Wannan farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya bar ta to kowa ya yi laifi. Mahukuntan da ke son a shaida musu da kishin ƙasa, su fara bayyana mana, bayan kowace musiba, adadin makafi da kurame da guragu da tsofaffin da suka rasu da waɗanda aka ceto, domin da wannan lissafi ne za mu san ko shirinmu ya haɗa da dukkan 'yan ƙasa, kuma da shi ne za mu gyara kafin wata daminar.